Ƙafar Baba da Jar Fitila

Ni ne Sale mai hoto, wanda ya yi shekara da shekaru da shago a bakin tashar motar Funtua. Labarin nan na ƙafar mahaifina ne, kuma na daɗe ina ƙin rubuta shi, domin babu wanda zai fito da girmansa a ciki, har da ni mai ba da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kwanakin baya na ga wata dattijuwa a kasuwa tana sayen shuni, na ji tana gaya wa mai sayarwar wai za ta shafa wa maigidanta ne a kumburin hannu. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ba saurarona za ta yi ba. To bari in rubuta, ko jikokinta sa karanta mata.

Baba manomi ne a wani ƙauye kan hanyar Danja. Shanun huɗa biyu gare shi, kuma duk yankinmu an san kunyar da ya huɗa, don miƙewarta kamar an ja zare. Bai iya komai ba sai bin bayan garma, bai kuma taɓa son ya iya wani abu ba. A bazarar da ta biyo bayan raba jiharmu da Kaduna, yana kai taki gona da amalanke, wani mai babur ya wuce da gudu, sa ɗaya ya firgita ya fizga, taya ta bi ta kan ƙafarsa ta dama daga idon sawu zuwa yatsu. Saura 'yan makonni ruwan shuka ya sauka.

Ina shago aka aiko mini. Kafin in isa gida, yayana Lawal, wanda shi ne babba kuma shi ke zaune da Baba, ya riga ya kira maɗori. Na tarar an gama. An jera tsage-tsagen gora kewaye da ƙafar, an naɗe da tsumma, an ɗaure tamau kamar damin dawar da za a ɗora wa jaki. An kuma karya ƙafar wata kaza an ɗaure ta ita ma, wai ranar da kazar ta taka, ranar Baba zai taka. Na ce wa maɗorin ɗaurin nan bai yi tsauri ba kuwa? Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan wandona na zamani, ya ce, “Tun kakanka bai san kakarka ba gidanmu ke ɗori. Kai mi ka taɓa ɗaurewa?” Jama'a suka yi dariya. Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne wautata ta farko.

Makon farko ya wuce Baba ba ya runtsawa. Mutum ne da ba ya cewa wash, amma na ga yana cizon gefen riga. Yatsun da suka leƙo ta ƙarshen tsumman suka kumbura suka yi sulɓi. 'Yan dubiya kuwa sai ka ce ranar kasuwa, kowa da maganinsa a baki. Wannan ya ce a shafa kitsen damo, wancan ya ce hayaƙin kashin jaki, wani dattijo da ko akuyarsa bai iya warkarwa ba ya rantse cewa zafin alamar ƙashi na haɗuwa ne. Kazar dai ta fara ɗingishi tana kiwo a tsakar gida, kowa yana nuna ta yana murna.

A mako na biyu Gwaggo Hurera ta iso. Ƙanwar Baba ce, tana aure a gidan marina wajen Kafur, kuma tun muna yara ba a yi mata musu. Ta zo da ƙwarya cike da shuni, wato baban rini da aka dafa aka daskarar, irin wanda ake shafa wa mai hangum a kumatu. Ta dama shi da kanwa da man shanu, ta sassauta bakin tsumman, ta laɓta wa ƙafar tun daga farce har ƙwauri.

“Gwaggo, wannan na mene ne?” na tambaye ta.

“Dafi ne ya taru a ciki. Shuni shi ke tsotse shi. Ko kai da kake wannan tsayuwar, da shi aka yi maka maganin hangum.”

“Ai hangum daban, karaya daban.”

“Kumburi dai kumburi ne, ɗan nan. Je ka ka ɗauki hoton 'yan mata, ka bar mamu abin da muka sani.”

Safe da yamma take shafawa, kwana tara cur. Ƙafar Baba ta koma launin rawanin da aka fito da shi daga karofi, har tana ɗaukar ido. In an tambaye shi ya jiki, sai ya ce da sauƙi, don kada ya kunyata ƙanwarsa.

Wari ne ya raba gardama a mako na uku. Ranar da na zo na ga ƙudaje sun fi 'yan dubiya yawa, ban nemi shawarar kowa ba, na je tasha na roƙi wani direban akori-kura da nake yi wa hoton lasisi. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ya sauke buhunan masarar da ya fara lodi, ya shimfiɗa tabarma a bayan motar, ya kuma bi ramukan hanya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka je wani ƙaramin asibiti na kusa da mu. Tun hantsi muke layin kati har aka yi azahar, mai ba da katin yana cin gyaɗa yana hira ta taga da wata mai sayar da kunu. Da muka samu shiga, ma'aikacin da ya kwance ɗaurin ya toshe hanci, ya zage mu tas, mu da maɗorin da garinmu baki ɗaya, sannan ya rubuta takarda ya ce wannan ta fi ƙarfinsu. Zagin nan bai yi mini zafi ba, don mun ci shi.

Babban asibitin da aka tura mu tafiyar awa biyu ce, ba zan faɗi sunansa ba. Ni da Yaya Lawal da Gwaggo muka raka Baba, don ta ce ba za ta bar ɗan'uwanta a hannun masu yankan mutane ba. Muka kwana biyu a baranda kafin gado ya samu. A ɗakin da aka kwantar da shi na haɗu da mutum ɗaya tak da har gobe nake yi wa addu'a, Sista Rifkatu. Nas ce, Kirista, 'yar wani ƙauye a bayan Malumfashi, Hausarta irin tamu. Tana ganin ƙafar ta ce, “Shuni ne ko? Mamata ma haka ta yi wa ƙanena.” Ba ta zagi kowa ba. Ta kawo allura ta ce Baba ya rufe ido, ta riƙa tsikarar yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan biyu na gefe ko motsi bai yi ba. Da ta taɓa na tsakiya sai ya zabura ya ce, “Kai, yarinya!” Haka na kusa da shi, haka babban. Ta ɗora bayan hannunta a kan tafin ƙafar ta ce akwai ɗumi.

Babban likitan ƙashi, wanda kowa ke yabo, ya tafi hutu. Wanda ya riƙe ɗakin wani matashi ne mai farar riga da ba ta taɓa sanin datti ba, yana tafe ɗalibai suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Shi ma ba zan faɗi sunansa ba. Majinyata sun sa masa Likita Mai Akwati, saboda wani akwati da aka kawo wa asibitin kyauta daga ƙasar waje, wanda ake turo masa a kan ɗan tebur mai taya duk inda ya sa ƙafa. Girman akwatin bai wuce rediyo ba, yana da waya, a bakin wayar kuma akwai wani ɗan maƙali kamar abin shanya tufafi. An ce duk ƙasar nan irinsa ba su da yawa. Likitan yana tara sakamakonsa ne don wata takarda da yake rubutawa, kuma wallahi ya fi tausayin akwatin nan a kan duk wanda ke kwance a ɗakin.

Ranar Litinin ta mako na huɗu ya zo gadon Baba. Bai gaishe shi ba. Ya maƙala abin a yatsan hannun Baba, na ga wani jan haske ya huda yatsan har farcen ya yi jawur, akwatin ya fara ƙara ɗiɗ-ɗiɗ daidai da bugun zuciya, lamba ta fito. Ya juya ya yi wa ɗalibansa dogon Turanci. Sannan ya sa wani ɗalibi, don shi ba zai taɓa ba, ya maƙala a babban yatsan ƙafar. Akwatin ya yi tsit. Aka matsa na biyu, tsit. Na uku, tsit.

“Babu sigina,” in ji shi. Kalmar nan har yau tana kunnena. Ya nuna ƙasan gwiwar Baba da biro, ya zana layi a iska. “Daga nan za a cire. Alhamis.”

“Likita, ina jin ƙuda in ya sauka mani a ƙafar,” in ji Baba.

“Kowa haka yake cewa, tsoho. Akwati ba ya ƙarya.”

Bayan sun wuce na tare Sista Rifkatu na ce ta yi wa Allah ta fassara mini Turancin da aka yi. Ta zaunar da ni a bencin baranda ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce jini yana ɗaukar iskar da muke shaƙa, wadda suke kira oksijin, ya kai wa nama. Jinin da ya ƙoshi da ita ja ne wur, wanda ya rasa ta kuma yana duhu. A cikin maƙalin nan akwai fitilu biyu. Ɗaya ja ce, ita na gani. Ɗayar kuma haskenta ido ba ya ganinsa. Masu ƙera akwatin sun zauna sun duba launukan haske duka, suka zaɓi waɗannan biyun, domin jini mai iska yana barin jan haske ya wuce, marar iska kuwa shanye shi yake yi, a ɗaya fitilar kuma abin ya kusa zama akasin haka. Akwai wani ɗan ido a ɗaya gefen yatsan da ke auna abin da ya tsallako na kowace fitila duk bugun jini, da haka akwatin ke gane ko nama na samun iska.

Tana cikin magana na katse ta. Na ce, “Sista, kin ce ja?”

A nan dole in faɗi abin da na sani, don shi kaɗai ne ilimina a duniya. A ɗakin wanke hoto fitila ɗaya ake kunnawa, ja, saboda takardar hoto ba ta damu da jan haske ba. Duk wanda ya yi wata guda a ɗakin nan ya san yadda launuka ke rikiɗa a cikinsa. Jar hula takan koma fari-fari. Shuɗiyar riga kuwa baƙa ƙirin take zama kamar gawayi, domin shuɗi shanye jan haske yake yi, ba ya mayar da ko kaɗan. Na sha shiga da rigar rini in ga kamar ba ni da jiki. Su masu akwatin, a can ƙasarsu, sun zaɓi fitilarsu suna tunanin jini kawai, da yatsa wankakke. Ba su san akwai wata Gwaggo Hurera a duniya ba, wadda ta yi kwana tara tana rina musu hanyar hasken. Ƙafar da ɗauri ya riga ya rage wa gudun jini, ga kumburi, sannan ga shuni ya shiga farce ya shiga fata, ta ina jan haske zai tsallaka?

Sista ta dube ni. Ta ce, “Malam Sale, ban karanta wannan a ko'ina ba, amma maganarka ta shiga kaina. An taɓa ce mamu a goge jan farcen mata kafin a maƙala. Ba wanda ya yi zancen shuni.” Sai ta rage murya. “Ga abin da za ka yi. Nemo reza sabuwa ka kankare farcen yatsan tsakiya a hankali. Ka samo lemun tsami da sabulun salo, ka yi ta wanke yatsan nan safe da rana da yamma. Ba zai fita duka ba, amma zai yi haske. Ran Laraba da la'asar, in ya tafi koyarwa, ni da kaina zan turo akwatin mu gwada. In ya yi ƙara ko sau ɗaya ne, zan san yadda zan yi a jira babban likita.”

Shawarar da ta fi wannan ba a taɓa ba ni ba. Amma washegari da safe, da Likita Mai Akwati ya zo zagaye, bakina ya ƙi haƙuri. Na tare shi a gaban ɗalibansa na fara yi masa bayanin shuɗi da ja.

“Kai wane ne?” ya ce.

“Ɗansa ne. Mai hoto ne ni a Funtua.”

“Mai hoto.” Ya juya ga ɗaliban ya maimaita da Turanci, suka tuntsire da dariya. “To Malam mai hoto, kun ɗaure ƙafar tsoho har ta ruɓe, kun yi mata fenti, yanzu kuma ka zo ka koya mini aikin na'urar da ko sunanta ba ka iya faɗa ba? Zazzaɓinsa hawa yake yi. In ruɓar ta haura, ba ƙafa za ku rasa ba, shi za ku rasa. In an gama sai ka ɗauke shi hoto.”

Don gaskiya, maganar zazzaɓin ba ƙarya ya yi ba, kuma yatsu biyu sun mutu, ko makaho ya san haka. Abin da ban yafe masa ba shi ne, hannu biyu Allah ya ba shi, da ido, da allura a aljihun kowace nas, amma ya ƙi taɓa ƙafar da zai yanke. Mutumin da ya yi shekaru yana karatu, a ce bai taɓa tambayar kansa mene ne fitilarsa ke iya gani, mene ne kuma ba ta iya gani ba. Ni da ban wuce aji bakwai ba na san cewa hasken da ka zaɓa shi ke yanke maka abin da za ka gani.

Dariyar ɗaliban nan ita ta ci ni. Na tsaya a baranda na rantse sai na kunyata shi a gabansu kamar yadda ya yi mini. Na ce zan je Funtua in ɗauko jar fitilata, in zo da ƙyallen rini da jan ƙyalle, in nuna musu da idonsu, gani ya kori ji. Aiki sai Alhamis, yau Talata, akwai lokaci. Na sayo reza da lemun tsami da sabulu a bakin asibiti na danƙa wa Yaya Lawal, na gaya masa yadda Sista ta ce a yi.

“To,” ya ce. Yaya Lawal bai taɓa ce wa kowa a'a ba a rayuwarsa, shi ya sa “to” ɗinsa ba ta da nauyin ƙwayar gero.

Gwaggo tana gefe tana jin mu. “Wa zai wanke? Shunin nan shi ya tsare dafin bai hau zuciya ba. Duk wanda ya taɓa shi, in ɗan'uwana ya mutu, jininsa na wuyansa.”

Na ji ta sarai. Na san Yaya Lawal, na san Gwaggo, na san wanda zai rinjayi wani in na ba da baya. Duk da haka na leƙa na ce wa Baba zan je in dawo. Ya kama hannuna ya ce, “Sale, ka zauna mana.” Na ce, “Yanzun nan zan dawo, Baba, abin da zai cece ku zan ɗauko.” Na zare hannuna na fita.

Da na ɗauki fitilar na juyo a ranar, da na kwana a asibiti. Amma ina isa shago sai na ga ai ɗakin majinyata akwai hasken rana, jar fitila ba za ta nuna komai ba sai a duhu. Sai na nemi kwali, na je wurin kafinta ya yi mini ɗan firam, na liƙe ciki da baƙar takarda, na huda ramin leƙawa. Na ga bai yi kyau ba, na sake wani. Na je har marina na zaɓo ƙyalle mai kyau, na rina ɗan yatsana guda don in nuna a jikin mutum. Ina yi ina tsara maganar da zan faɗa, ina jin yadda ɗaliban za su yi tsit, ina ganin fuskar likitan. Talata ta ƙare a haka, safiyar Laraba ma ta bi ta. Sai bayan azahar na shiga mota, rungume da akwatina, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Na isa ana kiran la'asar. A ƙofar ɗakin na ci karo da Sista Rifkatu. Ta dubi kwalin da ke hannuna, ta dube ni.

“Ina ka shiga, Malam Sale?”

Ta ce wanda aka shirya yi wa aiki da safiyar Laraba 'yan'uwansa sun sace shi sun gudu da shi gida, wuri ya samu, likita ya ce a kawo na Alhamis, wato Baba. Lemun tsamin yana nan a ƙarƙashin gado ko yankawa ba a yi ba, rezar tana cikin takardarta. Ta ce da ta ga haka, ta ɗebi shunin Gwaggo a ƙwarya ta laɓta wa nata yatsan, ta maƙala abin, akwatin ya yi ta inda-inda, lamba ta faɗi ƙasa, can ta ɓace, alhali ita lafiyarta ƙalau. Ta bi likitan har ƙofar ɗakin tiyata tana nuna masa yatsan. Ya ce mata ba a tambaye ta ba, kuma wa ya ba ta izinin taɓa akwatin.

“Na ce a jira ɗansa. Aka ce ga babban ɗansa nan.” Idonta ya kawo ruwa. “Da kana nan ka ce ba ka yarda ba, da ba su isa ba. Ni ma'aikaciya ce, ba ni da wannan bakin.”

Yaya Lawal yana tsugune a jikin bango, kansa a ƙasa, babban yatsansa da sauran tawadar da ya dangwala a takardar amincewa da aikin. Gwaggo tana gefe tana gaya wa wasu mata cewa ita dama ta faɗa, asibiti ba su san komai ba sai wuƙa.

Ga mai karatu, abin da zan ce kaɗan ne. Kada ku bari a ɗaure karaya har yatsu su yi sanyi. Kada ku shafa wa ciwo abin da zai ɓoye launinsa, shuni ne ko lalle ko toka, domin mai duba ku da launin yake aiki, ko da idonsa ko da fitilarsa. In na'ura ta ce abu, mai ciwo ya ce wani, ku tsaya kai da fata sai an taɓa shi da hannu. Kuma in kun gano gaskiya, ku zauna kusa da majinyacinku da ita. Ban san ko ƙafar Baba za ta tsira ba da an jira. Babban likita da ya dawo ya karanta takardun, ya tambayi Sista zancen allurar, sannan ya rufe fayil ɗin. Iyakar abin da na sani ke nan.

A ranar dai, na ajiye kwalin a baranda na shiga. Baba ya farfaɗo, yana kwance rigingine yana kallon rufi. Bargon da aka lulluɓe shi da shi ya tashi a gefen hagu, a gefen dama kuwa ya kwanta shafal daga gwiwa. Na durƙusa a bakin gadon na ce, “Baba, sannu.”

Ya juyo da kai a hankali. Muryarsa ta dushe.

“Sale ne?”

“Ni ne, Baba.”

“Ka samo abin?”

“Na samo.”

“To madalla.” Ya lumshe ido, har na zaci barci ya koma. Sai ya ce, “Da suka zo turo ni, na ce masu ina da ɗa mai ilimi, shi ya san zancen, su jira shi. Na yi ta kiranka har ƙofa. Suka ce wai wane Sale.”